An ce ina da ciwon hanta nau'in B, maganin ƙara garkuwar jiki zai hana shi zama daji?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na je ba ƙanwata jini, aka ƙi ɗiba, wai ina ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Mahaifinmu kuwa dajin hanta ne ajalinsa. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Wani mai magani ya ce in sha jiƙonsa kwana arba'in, garkuwar jikina za ta ƙaru ta wanke ƙwayar. In saya? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba. Malam, kada ka saya.

Tsoronka ba na banza ba ne, tunda dajin ya taɓa gidanku. Amma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar nan, kuma mafi yawan masu ita ba sa kaiwa ga daji.

Maganar "ƙara garkuwa" ce ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Ƙwayar B ba ta cika cin hanta da kanta ba. Shiga take ta ɓuya, sai sojojin jiki, ƙwayoyin T, su riƙa kashe naman hantar da ta ɓuya a ciki, kamar mai ƙona rumbu don ya kashe ɓera. A yi rauni, a warke, a bar tabo, shekara ashirin ko talatin ana haka har hanta ta taurare, daji ya sami wurin tsirowa. To, da jiƙon yana zuga garkuwa da gaske, ai fetur aka zuba wa wuta. Ba ya ma zugawa, amma duk abin da ka haɗiye hanta ce za ta tace shi. Na ga wanda ya zo da jarkar da ya shanye a hannu, idanunsa kamar kwaiduwa, yana rantsuwa ya ji sauƙi.

Za a ce ai wane ya sha ya warke. Wanda ya kamu yana babba, fiye da 90 cikin 100 jikinsu ke korar ƙwayar ko ba su sha komai ba, mai jiƙo ya kwashe yabo. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, kusan 9 cikin 10 tana zama musu, don garkuwarsu ta ɗauke ta 'yar gida. Yadda za a farkar da ƙwayoyin T da suka gaji da yaƙar cutar shi ne abin da jami'o'i ke ta bincike a kai. Masana kimiyya James Allison da Tasuku Honjo sun sami kyautar Nobel a 2018 saboda gano yadda ake cire wa garkuwa birki ta yaƙi daji, kuma magungunan da suka fito daga aikin kan sa ta far wa hanta ko hanjin mai ita. Abin da ƙwararru ke bayarwa da taka-tsantsan, shi wani ke tallarsa da amsa-kuwwa a kan mota!

Ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a auna yawan ƙwayar a jininka da lafiyar hantar, a riƙa yi maka hoton ciki duk wata shida. Idan aka ɗora ka kan maganin tenofovir, ƙwaya ɗaya ce kullum. Danne cutar take, ba ta tumɓuke ta, don haka kada ka daina da kanka. Ka guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, gubarsu na haɗa kai da ƙwayar cutar wajen kawo daji.

Sannan, don Allah, a gwada iyalinka da ƙannenka, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Kowa da askarsa wajen wanzami. In matarka ta haihu, a yi wa jariri allurar cikin awa 24, kada a ce sai bayan suna.