Ku Tambayi Yaya: In koma Zariya, ko in riƙa zuwa daga Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Na samu aikin jinya a asibitin koyarwa da ke Shika, amma ni da maigidana da yara a Kaduna muke zaune. In riƙa zuwa kullum ina dawowa, ko mu tattara mu koma Zariya? In komawar ce, wace unguwa?
Daga wata mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Batun zuwa kullum ki cire shi a ranki. Tsakanin Kaduna da Zariya kusan kilomita 80 ne, kuma in mota ta sauke ki a Kwangila da sauran tafiya, sai kin hau wata ta bi hanyar Funtuwa, ta ratsa Samaru, sannan Shika. Mai aikin dare ba ta jure wannan.

Abin da ku mutanen Kaduna kuke kira Zariya, a wurinmu garuruwa ne da suka jingina da juna, kowanne da halinsa.

Cikin birni aka haife ni, ba nisa da Ƙofar Doka. Can ne fadar Sarkin Zazzau, da gidajen gado, da makarantun zaure. In kika haihu ko aka yi miki rashi, unguwa gaba ɗaya za ta cika miki gida, ba ki wanke ko kofi. Amma fa kowa ya san ƙarfe nawa kika fita, ƙarfe nawa kika dawo, kuma za a tambaye ki 'yar gidan wa ce ke. Ina son birni, amma ba zan tura ki can ba, ya yi wa Shika nisa.

Sabon Gari ta 'yan kasuwa ce tun zamanin jirgin ƙasa, kowace ƙabila akwai, hayaniya kuma sai wadda ta ƙaru.

Ni dai Samaru zan zaɓa miki. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 garin ya saba da baƙo, ba mai sa miki ido, ga makarantun yara, ga motar Shika kusa. Illarta tsadar haya, don ɗalibai na rububin ɗakuna. Shika kanta ta fi sauƙi, ga arahar hatsi daga kasuwar Giwa, sai dai yaran da suka saba da Kaduna za su yi ta ƙorafin kaɗaici.

Duk inda kika ga gida, kafin kuɗin haya ki tambayi ruwa. Akwai burtsatse? Rijiyar tana kai watan Afrilu, ko sai 'yan ga-ruwa? Matan maƙwabta za ki tambaya, kada ki tambayi dillali.

In aikin maigida a Kaduna yake, ku zauna ku yi shawara ko shi zai riƙa zuwa ƙarshen mako. Gidaje da yawa a Samaru haka suke yi.