Tambayi Likita: Tafiya a jirgin ruwa lokacin da mura mai tsanani ke yawo

Tun da hunturu ya kama, yawancin tambayoyin da suka iso mini daga Garwa, Marwa, Kusiri da Injamena a kan mura suke, kuma da dama daga cikinsu na masu shirin tafiya ne. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Marwa: Likita, ƙurar hunturu ce ke kawo mura?

Amsa: A'a, Malam. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, daga mutum zuwa mutum. Ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro ne kawai, sanyi kuma yana sa mu cunkushe a ɗaki ɗaya mu rufe taga, sai ƙwayar ta sami hanya.

Tambaya daga wata Hajiya a Garwa: Likita, barka da aiki. Shekaruna 64, ina da ciwon suga da hawan jini, ina kuma shan magungunana. Ɗana da ke aiki a Faransa ya saya mana tikitin wani babban jirgin ruwa na yawon buɗe ido, wanda zai tashi daga birnin Marsai na Faransa cikin watan Janairu, mu yi mako guda muna zagaya biranen gaɓar Bahar Rum. Yanzu kuma ya ce mura ta yi yawa a can. Ni dai mura ba baƙuwata ba ce, duk hunturu sai na yi ta, amma 'yata ta hana ni sakat, wai lallai in fasa. Me ka gani?

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa ɗan nan naki albarka, ya kuma saka wa 'yarki da alheri, domin tsoronta yana da tushe. Matsalar farko daga harshenmu take: da kalma ɗaya muke kiran cututtuka biyu. Akwai murar da kika saba yi, ta atishawa da yoyon hanci, wadda mutum ke yi yana kasuwarsa. Akwai kuma wadda ake kira infuluwenza, wadda a asibitocinmu za ki ji ana ce mata girip. Ita wannan farat ɗaya take kama mutum, da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa duka, da busasshen tari, kuma takan kwantar da ƙaƙƙarfan saurayi kwana huɗu ko biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutane tsakanin 290,000 zuwa 650,000 a kowace shekara, kuma waɗanda ta fi yi wa illa su ne tsofaffi, ƙananan yara, masu juna biyu, da masu ciwon suga, ciwon zuciya ko asma. A Faransa lokacinta yakan faɗo ne tsakanin Disamba da Maris, wato daidai lokacin tafiyarki.

Abin da ya sa jirgin ruwa ya bambanta da zaman gida shi ne cunkoso mai daɗewa. Irin waɗannan jirage suna ɗaukar dubban mutane daga ƙasashe daban-daban, su ci abinci a zaure ɗaya, su ɗebi miya da ludayi ɗaya, su riƙe ƙarfen matakala ɗaya, su shaƙi iskar rufaffen wuri dare da rana, musamman a Janairu da sanyi ke hana kowa zama a fili. Mai ɗauke da ƙwayar yana fara yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin shi kansa ya ji alamar ciwo, ya ci gaba da yaɗawa har kwana biyar zuwa bakwai, wanda ya ɗauka kuma cikin kwana ɗaya zuwa huɗu ciwon yake bayyana a jikinsa. Idan kika lissafa, za ki ga mako guda ya ishi cutar ta wuce ta kan mutum biyu ko uku a jere kafin jirgi ya dawo tashar da ya bari. Kin tuna jirgin Diamond Princess da aka tsare a Yokohama ta ƙasar Japan a watan Fabrairun 2020? Mutum wajen 3,700 ne a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona. Cutar daban ce, amma hanyar yaɗuwar ɗaya ce. Ko annobar murar 1918, wadda tsofaffin ƙasar Hausa ke kira Marisuwa, ta jiragen ruwa ta shigo Afirka ta Yamma, ta fara sauka a Firitawun, babban birnin Saliyo, sannan ta bi tashoshin teku da hanyoyin fatake zuwa cikin ƙasa.

Duk da haka ba zan ce miki ki fasa kai tsaye ba. Zan ce ki tafi idan sharuɗɗa uku sun cika, idan ɗaya ya kasa cika kuma ki roƙi ɗanki ya ɗaga tafiyar zuwa Mayu ko Yuni. Na farko, likitan da ke duba ki ya auna suga da hawan jininki ya tabbatar sun daidaita, domin wannan mura tana hargitsa suga ko ga wanda nasa ya zauna, balle wanda nasa ke hawa da sauka. Na biyu, ki yi allurar rigakafin mura ta bana, kuma ki yi ta aƙalla mako biyu kafin ki hau jirgin, saboda sai bayan kwana 14 jiki ke gama gina kariyarsa. Ki tambaya a manyan kantunan magani na Garwa ko a reshen Cibiyar Pasteur da ke nan garin. Idan ba a samu ba, ki isa Faransa da wuri, domin a can ma'aikatan kantin magani da kansu suna yin allurar. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, amma tana rage yiwuwar ciwon ya kai ki gadon asibiti. Na uku, ɗanki ya karanta takardar inshorarki da kyau. Bizar shiga Turai tana buƙatar inshorar lafiya ta Yuro 30,000, sama da sefa miliyan 19 da rabi ke nan, sai dai ba kowace inshora ce ke biyan kuɗin likitan cikin jirgi ko kuɗin sauke mara lafiya a tsakiyar tafiya ba, kuma likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba.

A cikin jirgin, ki riƙe magungunanki da na'urar awon suga a jakar hannu, da ƙarin na mako guda. Ki riƙa wanke hannu da sabulu kafin kowane cin abinci, kada ki dogara da man goge hannu kaɗai, domin akwai wata ƙwayar amai da gudawa da ta yi suna a jiragen ruwa wadda man ba ya kashewa sosai. Ki sa takunkumi a wurin cunkoso, ki ci abinci lokacin da zauren ya rage mutane. Kada ki sayi magungunan buɗe hanci da ake haɗiya ba tare da tambaya ba, saboda wasu suna ɗaga hawan jini. Tun kafin ki bar Garwa ki tambayi likitanki yadda za ki yi da maganin suga ranar da amai ko rashin cin abinci ya same ki, domin akwai wanda ake dakatarwa a irin wannan rana, akwai kuma wanda dakatar da shi haɗari ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ina so ki karanta wa ɗanki shi. Idan zazzaɓi ya kama ki a cikin jirgi, ki je wurin likitan jirgin a ranar, kada ki jira gobe. Dalili na farko shi ne maganin wannan mura, oseltamibir, wanda aka fi sani da Tamiflu, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 na farko. Dalili na biyu ya fi nauyi. Daga bakin Binuwai kika fito, sauro bai san kina da biza ba, kuma zazzaɓin cizon sauro yana iya ɓoyewa mako ɗaya zuwa wata guda kafin ya bayyana. Likitan Turai da ya duba mutum ashirin masu mura tun safe, idan kika shigo da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki, mura zai fara zato, kuma ba laifinsa ba ne. Ki faɗa masa da bakinki cewa daga Kamaru kika zo, kina so a gwada jininki don maleriya, idan kuma babu abin gwajin a jirgin, a yi miki a tasha ta gaba. Maleriyar da aka ɗauka mura ce aka bar ta kwana uku tana iya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Haka nan idan numfashi ya yi miki wuya, ko ƙirji ya yi ciwo, ko kika rikice, ko zazzaɓi ya sauka sannan ya dawo da ƙarfi, wannan ba na jira ba ne, ko da tsakar dare ne a kira likita. A kan tudu kuma lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Gaundare: Likita, duk wata ina bin jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Kafin in hau nakan sayi haɗin mura a wurin masu tebur, kafso biyu da ƙwayoyi uku, don kada in ɗauko cuta a hanya. In ci gaba?

Amsa: Alhaji, ka daina daga yau. Na gaji da ganin wannan haɗi, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne mai sayarwar kansa bai san abin da ya ƙulla maka a leda ba. Kafson nan, ko amoksisilin ne ko ja da yalo, maganin bakteriya ne, mura kuwa bairas ke kawo ta, saboda haka ba ya hana ta, ba ya warkar da ita. Abin da yake yi shi ne koya wa ƙwayoyin da ke jikinka jure magani, ranar da ciwon huhu na gaske ya zo mu ba ka shi ya ƙi aiki. A cikin ƙwayoyin kuma sau da yawa akan sami deksametazon, mai sa mutum ya ji garau na ɗan lokaci alhali yana raunana garkuwar jiki yana ɗaga suga, wani lokaci har da tiramol. Ga kuma parasitamol a ɓoye a cikin haɗin, ka zo ka ƙara wani a kai, alhali babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, abin da ya wuce haka hanta yake ci. Mutumin da ba zai karɓi takardar kuɗi ba sai ya ɗaga ta ya duba, yaya zai haɗiye abin da ba shi da suna? Kariyarka a jirgin ƙasa ita ce takunkumi, sabulu, da allurar rigakafi. Idan zazzaɓi ya zo, a gwada jini a asibiti kafin a sha komai.

Tambaya daga wani maniyyaci a Injamena: Zan je Umara, allurar sanƙarau da aka yi mini ta isa?

Amsa: Ta sanƙarau wajibi ce, amma ba ta kare ka daga mura. Ka ƙara ta mura mako biyu kafin tashi, domin cunkoson ɗawafi ya fi na kowane jirgi.

Tambaya daga wata mai jego a Kusiri: Likita, jaririna wata huɗu gare shi, yana tari da ɗan zazzaɓi, ga shi za mu tafi biki Marwa a mota. Surukata ta ce beli ne, a kai shi wurin wanzami a cire, sannan a yi masa sirace kafin mu kama hanya.

Amsa: 'Yar'uwa, ki ba Inna haƙuri cikin ladabi, amma kada a kai shi. Beli halitta ce da kowa ke da ita, ba ya kawo tari, kuma yanke shi ga jariri yana jawo zubar jini, ƙin kama nono, tetanus, da cututtukan da aska ke ɗaukowa daga wani yaro zuwa wani. Na sha karɓar jarirai da aka kawo jikinsu ya yi fari fat bayan wannan aiki, tarin da aka je dominsa kuma yana nan. Sirace da tafasasshen ruwa ma ƙuna yake jawowa, kuma kada a shafa masa man zafi a hanci, kada a ba shi zuma kafin ya shekara, kada a ba shi asfirin ko kaɗan. Abin da za ki yi yau shi ne ki kai shi asibiti a duba shi, a gwada maleriya. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru: idan ya kai 50 ko ya wuce, ko kika ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi, alamar ciwon huhu ce, a tafi nan take ko da dare ne. Ba a yi wa jariri allurar mura sai ya kai wata shida, don haka nononki da nisanta shi daga masu tari su ne kariyarsa. Bikin kuwa a aika da gudummawa, za su fahimta. Yini guda a motar haya cikin ƙura da cunkoso bai dace da jariri mai zazzaɓi ba, kuma idan ya rikice a tsakanin Waza da Mora ba ki da inda za ki kai shi da sauri.

Tambaya daga wata ɗaliba a Garwa: An ce allurar rigakafin ita kanta tana sa mura.

Amsa: Ba ta sawa, domin babu rayayyiyar ƙwayar cuta a cikin allurar. Ciwon dantse da ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu ne iyakarta ga yawancin mutane.

Tambaya daga wani direba a Marwa: Zazzaɓina ya sauka jiya, zan iya ɗaukar fasinja gobe?

Amsa: Sai ka cika awa 24 babu zazzaɓi ba tare da ka sha parasitamol ba, Malam, kuma ka sa takunkumi har tarin ya lafa. Idan zazzaɓin ya dawo ko numfashi ya yi nauyi, ka ajiye makulli ka nufi asibiti.