Kyamara a Daji: Za Ta Iya Maye Gurbin Mai Gadi?

Tambaya: Wani mai karatu daga Alkaleri ya ce ya ji ana ɗaura kyamarori a jikin bishiyoyi, ana kuma rataya wa giwaye na'ura a wuya a Yankari. Shin wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce, alhali akwai masu gadin da suka san sawun kowace dabba?

Amsa: Malam, ilimin bin sawu ba abin rainawa ba ne, amma dajin Yankari ya haura murabba'in kilomita 2,000, kuma babu ayarin masu gadin da zai iya kwana a kowace mashaya a dare guda. Kyamarar da ka ji labari tana ɗauke da na'urar da ke jin zafin jiki da motsi, saboda haka da zarar ɓauna ko gwanki ya gifta sai ta ɗauki hoto, ta rubuta rana da lokaci. Damisa kuwa, da yake zanen fatar kowace daban yake, ana iya bambance ɗaya daga wata a ƙirga su. Da irin wannan zane ake gane raƙuman dawan yankin Kure a Nijar.

A ganina, abin wuyan giwa ya fi kyamara amfani ga mai kula da daji da filaye. Yana aika wurin da garken yake ta tauraron ɗan'adam, don haka idan giwaye suka doshi gonakin bakin daji lokacin da dawa ta nuna, ana iya sanar da manoma kafin a yi ɓarna. Idan bayanan suka taru shekara da shekaru, su ne ke nuna hanyar da giwaye ke bi, da inda bai kamata a yanka sabuwar gona ko burtali ba.

Sai dai kyamarar tana da nata aibi. Ciyawar da iska ke kaɗawa da tsakar rana kan sa kyamara ta cika da hotunan wofi, shi ya sa ake ba manhajar kwamfuta aikin tacewa, ita ma kuma takan kira wata dabba da sunan wata. Ga ƙurar hunturu, ga gobarar daji, ga mafarautan da ke cire ta. Mai gadi ne ya san mashayar da ta dace a kafa ta, shi ne kuma zai taka da ƙafa ya canza mata batir.