Yara sun iya tuƙa robot amma fankshin ya gagare su, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da kwamfuta a wata firamare, muna da ƙananan robot na mBot guda uku da 'yan aji biyar suke sarrafawa da manhajar mBlock, inda ake jera umarni bulo-bulo. Sun iya sa shi ya tafi, ya juya, ya tsaya, amma da na zo kan fankshin, wato tara matakai ƙarƙashin suna guda da za a riƙa kira, sai suka zuba min ido kawai. Sau biyu ina bayani a allo ba wanda ya gane. Ko dai sun yi ƙanƙanta ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Ba su yi ƙanƙanta ba, allon ne matsalar. Yaro ba ya ganin amfanin fankshin sai ya sha wahalar rashinsa tukuna, to ki ajiye bayanin nan, ki jefa su cikin wahalar da gangan.

Ki zana murabba'i da alli a ƙasa ki ce robot ya zagaye shi sau biyu, amma kar ki bari su taɓa bulon repeat, mai maimaita umarni, a ranar. Shi mBot na farko ba ya ƙirga juyin tayarsa, lokaci kawai yake bi, wato ki ce masa juya dama da ƙarfi 50 na sakan kaza, saboda haka sai sun yi ta gwaji kafin su dace da lambar da za ta ba su kwana mai digiri 90 daidai, kuma da sun samu za su kwafe ta wuri takwas suna murna. Ki ƙyale su. Washegari batir ya ɗan yi sanyi, ko ki kai su kan tayil maimakon siminti, kwanar ta karkace, yanzu dole su bi wuri takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya suna gyara lamba, kuma na tabbata sai sun manta ɗaya robot ya nufi ƙarƙashin benci. Lokacin da kika ji wani ya ce "Malama wannan ai wahala ce", to darasi ya nuna.

Nan ne za ki buɗe sashen My Blocks a mBlock ki danna Make a Block don ƙirƙiro sabon bulo, ki bar su su raɗa masa suna da kansu, da Hausa ma ya fi, kamar kwanarDama. Bulo biyu za su fito, ɗaya mai define a kansa wanda a ƙarƙashinsa ake jera matakan, ɗayan kuma shi ake sakawa duk inda ake son kwanar. Gyara ɗaya, wuri takwas sun gyaru. Ba sai kin ce komai ba.

Kuskuren da za ki fi gani shi ne yaro ya jera komai ƙarƙashin define ya kunna, robot ko motsi, ya ce ya lalace. Bai kira shi ba ne. Ni misalin mai shayi nake ba su, ya iya haɗa shayi tun asuba amma ba zai miƙo maka kofi ba sai ka ce "haɗa min". Kuma ba ka tsayawa kana ce masa ɗauko kofi, zuba ruwan zafi, sa madara, kalma ɗaya ta wadatar. Wannan misalin dai shi zai kai ki mataki na gaba, don kowa da yawan sukarin da yake so, wani cokali biyu wani uku, haɗin ɗaya ne lambar ce ke canjawa. Sai ku yi bulon tafiGaba mai gurbin lamba, a sa 1 ya yi gajeren layi a sa 3 ya yi dogo. Amma don Allah ba rana ɗaya ba, ki ba su ko sati guda tsakani.

Wasu za su ce ai repeat ma ya isa. Ki yaba musu don a murabba'i gaskiya suka faɗa, sannan ki zana hanya mai kwana a wurare daban-daban da dogon layi da gajere a tsakani, nan repeat zai gaza. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun 1967 Seymour Papert da abokan aikinsa suka fito da yaren kwamfuta na Logo, inda yara ke koya wa "kunkuru", wato ɗan abin da ke zana layi in an ba shi umarni, sabuwar kalma da umarni kamar TO SQUARE.

Tunda robot uku ne ga aji guda, ga kuma wuta da ba ta da tabbas, waɗanda ke jiran layi su yi nasu da kwali. Ɗaya ya zama robot, a rubuta sunan fankshin a gaban kwalin matakan kuma a bayansa, duk sanda aka ɗaga masa sai ya juya kwalin ya karanta ya aikata, ya dawo inda ya tsaya a jerin umarnin.