Birkin da ke Cafka a Cikin Gosulo

Ka ce Corollar nan ta Alhaji, ƙirar 1999, idan ta miƙe a titi birkinta lafiya lau, amma a cikin gosulo da an ɗan taɓa shi sai ta cafke, har na zaune a gaba ya kai goshi kusa da gilashi. Kana tambaya ko ka sauya fad ɗin gaba, wato abin da ke matse faifan birkin tayar gaba. A'a, ɗana, ajiye sifanar nan tukuna, zo ka zauna.

Ka tambaye shi yaushe take yin haka? Daga nan ake farawa. Idan da sassafe ne kawai, taka biyu ko uku ta daina, to ba ciwo ba ne, Legas ce. Garin nan iskarsa ma ruwa ce, balle a watan Yuni. Motar da ta kwana a waje a Agege, kafin asuba tsatsa ta yi wa ƙarfen birki ja-ja, shu, wato abin da ke goga ƙarfen daga ciki ya tsayar da taya, ya sha laima. Takawar farko sai ya kama kamar ƙaya, da ya goge tsatsar shi ke nan. Wannan ba ka karɓi kuɗin kowa a kansa ba, ka faɗa masa gaskiya ya tafi.

Amma Alhaji ya ce daga Mile 12 har Oshodi haka take fizgarsa. To zargina yana baya, ba gaba ba. Motar nan dis (birkin faifai) gare ta a gaba, diram (birki mai kamar kwano) a baya, kuma diram yana da wata ɗabi'a: idan shu ɗin da ke gaba a cikinsa ya taɓa shi, juyawar diram ɗin da kanta take jawo shu ta ƙara manna shi. Ƙafarka ta ba da kaɗan, diram ya ƙara nasa. Saboda haka abu ƙalilan ya samu fuskar shu, sai kamun ya wuce yadda ka nufa.

Abin da ya fi samun sa kuwa mai ne. Na san za ka ce ai mai santsi yake sawa. Ni ma haka na ce wa maigidana. Amma man birki idan ya ɗiga daga silindar taya, wadda ke tura shu, ya haɗu da ƙurar shu, danƙo yake zama, baƙi ƙirin kamar kwalta. A gudu mai yawa nauyin mota yana rinjayarsa ba ka ji sosai, har ma birkin ya yi rauni. A tafiyar hawainiya kuwa babu abin da zai rinjaye shi, sai ya manne cak.

Kada ka kwance tayoyi huɗu kana lalube. Fitar da ita filin bayan gareji inda ƙasa take, ka tafi a hankali kamar mai bin jerin gwano, ka taka. Sauko ka dubi ƙasa. Tayar da ta ja layi ita kaɗai, ita ce mai laifi. Ɗaga motar, ka sa mata madogari, ban yarda ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai ba. Cire diram, sannan ka sa ɗan yatsa ka ɗaga robar da ke bakin silinda. Idan ka ga jiƙa a ciki, ka gama bincike. Idan bushe take, dubi giris ɗin boris ko ya malalo. A Hilux da sauran masu aksul a baya, man difa ne ke biyo sil ya shigo, warinsa ma ya ishe ka shaida.

Kuma kada ka hura ƙurar nan da iska ko da bakinka. Tsofaffin shu wasunsu da asbestos aka yi su, huhu ba ya fitar da shi. Jiƙa tsumma ka goge.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe. Za ka ga wasu suna wanke shu da fetur su cinna masa wuta, su goge da samfefa su mayar. Yana yin kyau a ido, har kwana biyu ya yi aiki. Amma man ya riga ya shige cikin jikin shu, da ya yi zafi zai sake tsattsafowa. Fetur kuma yana kumbura roba, ka ga an ƙara wata ɓarnar. Mutumin nan iyalinsa yake ɗauka a motar, ya hau gadar Third Mainland da su. A wurina ba a yin wannan aikin. Shu ya sha mai, a jefar, a sauya na hagu da na dama tare, a toshe inda man ya fito, in ba haka ba sabon ma zai bi tsohon.

Idan ka buɗe ka tarar komai bushe, duba sifirin ko sun saki, da hambirki ko an ɗaure shi fiye da kima. Juya taya da hannu, in tana kamawa tana saki, diram ya karkace. Iyakar faɗinsa a rubuce take a jikinsa, in ya wuce ta ba a ƙara fere shi. Gaba kuma finfin ɗin kalifa, mariƙin fad, ne ke cijewa idan mota ta saba shiga ambaliya.

Busta, wadda ke ƙara wa takun ƙafa ƙarfi, ita ce ta ƙarshe, kuma alamarta daban: ba taya ɗaya ba, duka huɗun ke cafkewa lokaci guda da ɗan taɓi. Kada ka fara zarginta, tana da tsada kuma ba ta cika yin laifin ba.

Tashi ka gwada ta a filin. In ta tabbata silinda ce, ka tafi kasuwar kayan mota ta Ladipo da tsohuwar a hannunka tare da shu ɗaya don a gwada maka, ka haɗo da man birki irin wanda aka rubuta a murfin masta, inda ake zuba man, DOT 3, wanda ba a fasa bakinsa ba. In ka dawo ka kira ni, ni zan taka, kai ka fitar da iskar da ta shiga layin birkin.