Kai Ya Yi Nauyi, Ƙafa Ta Yi Sanyi: Amsar Malamin Cigung Ga Almajirinsa

Almajiri ya tambaya: "Malam, wata biyu ke nan ina tsayuwar turke, wato atisayen tsayawa cak a wuri ɗaya, kullum da daddare, yanzu har na kai minti 30. Amma in na gama sai in ji kaina ya yi jingim, fuska zafi, ƙirji a cike, ƙafafu kuwa sanyi ƙarara. Barci ma sai ya gagara. Wani abokin karatu ya ce kuzari ne ya fara taruwa, in ƙara ƙaimi, in riƙa tura shi ta gadon baya zuwa tsakar ka. In bi shawararsa?"

Kada ka bi, ɗana. Ka'idar da Sinawa suka gina cigung, atisayensu na daidaita jiki da numfashi da hankali, a kanta ita ce sama ta zama sakayau, ƙasa ta cika ta yi nauyi. Kai kuwa ka kifa lissafin, ka ɗora buhun hatsi a kan karan dawa. Abin da suke kira "ci" (ba cin tuwo ba, asalin kalmar numfashi ne ko tururi) ya taru maka a sama, ya rasa hanyar sauka. Likitan asibiti zai fassara maka wannan da numfashi da gudun jini da ɗaurewar jijiyoyin wuya, malamin gargajiya na ƙasar Sin zai ce kuzari ya yi sama. Duk wanda ka bi a cikinsu, gyaran ɗaya ne, kuma da tsarinsa: a daidaita jiki, sannan numfashi, sannan hankali. Kai da na ukun ka fara.

Fara daga tafin ƙafa. Ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, yatsu na kallon gaba. Kowace ƙafa tana zaune ne a kan wuri uku kamar tukunya a kan duwatsun murhu: dunduniya, gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa. In ɗaya ya ɗaga, tukunya ta karkata. Ka lanƙwasa yatsunka ka duba, za ka ga wani ɗan loko a kashi ɗaya cikin uku na tafin daga wajen yatsu. Sunansa yungcuwan, wato maɓuɓɓugar ruwa, kuma nauyinka ya kamata ya sauka ɗan bayansa kaɗan. Ga gwaji: kana tsaye, ɗaga yatsun nan goma. In ka yi tangal-tangal ta baya, a kan dunduniya kake. In kuma ka duba ka ga yatsu sun damƙi ƙasa har farce ya yi fari, ka zube gaba, kuma mai zubewa gaba ƙirjinsa ne ke riƙe shi. Takalmi ya zama marar tudu. A hunturu kada ka tsaya ba takalmi a kan siminti, ka shimfiɗa tabarma.

Gwiwa a sake ta, kada a kulle ta, kada kuma ta wuce yatsu. Ta kalli inda yatsa na biyu ke kallo. Mai kulle gwiwa ya hana tsokar sha-raɓa aikinta na mayar da jini sama, shi ya sa kake ganin mai fareti ya daɗe ƙyam sai ya yanke jiki ya faɗi. Sauka kuma ba ta da yawa, santimita 3 zuwa 5 ta isa. Kuma ba daga gwiwa ake sauka ba, daga matsematsi ne, inda cinya ta haɗu da mara, kamar za ka ɗosana a bakin doguwar kujera amma ba ka kai ba. In ka yi daidai, tsatso zai saki da kansa, wajen da ke daura da cibiya ta baya, wanda suke kira mingman, ya ɗan cika. Jingina da bango ka gwada: ratar da ke tsakanin tsatsonka da bangon ta ɗauki tafin hannu kawai. Kada ka matse ɗuwawu don ka toshe ratar, wannan ɗaure ƙugu ne, kuma ɗaurarren ƙugu ba abin da ke bi ta cikinsa ya sauka.

Sama ba ta buƙatar dogon bayani. Haɓa ta ɗan shiga, ƙeya ta miƙe, kamar 'yar talla da faranti a ka. Kafaɗa ta zube, muƙamuƙi ya saki, kan harshe ya taɓa ganɗa a bayan haƙoran sama ba tare da dannawa ba. Ido a rabin buɗe, yana kallon ƙasa mita 2 ko 3 a gabanka. Hannu ne nake so ka sauya. Tsayuwar da malamin ƙasar Sin Wang Shiyangjai, wanda ya rasu a 1963, ya yaɗa, an fi saninta da hannu a daidai ƙirji kamar an rungumi itace. Tana da kyau ga wanda kafaɗarsa ta saki. Kai taka ba ta saki ba, da minti na biyar ta fara hawa wajen kunne, wuya ya sanƙare, ga ciwon kai. Sauke hannun zuwa daidai cibiya, ko ka bar su a gefen cinya, da 'yar rata a hammata wadda ƙwai zai zauna.

Yanzu numfashi, inda nake zargin rabin matsalarka take. Sabon shiga yana jin an ce "dogon numfashi" sai ya riƙa zuƙar iska kamar zugazugin maƙera. In ka fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna tsukewa, sai jiri, sai leɓe da yatsu su riƙa yi kamar tururuwa na tafiya a kansu. Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin kuzari ya motsa, su ƙara zuƙa, abin ya ƙara muni. Wani malamin addinin Buda na ƙasar Sin mai suna Jiyi, a ƙarni na 6, ya kasa numfashi huɗu: mai ƙara a hanci, marar ƙara amma mai sarƙewa, marar ƙara da sarƙewa amma mai kauri, sai na huɗu siriri, ba yankewa, kamar akwai kamar babu. Na huɗun ake nema, kuma ba a kamo shi da ƙarfi. In kana jin ƙarar numfashinka da kunnenka, kana na farko.

Ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a mara. Shaƙa ta hanci. Na ƙasa ya motsa, na sama ya kusa tsayawa cak. Har haƙarƙarin ƙasa da tsatso su ɗan buɗe, ba ciki kaɗai ya turo gaba ba. Kada ka cika huhu, kashi bakwai cikin goma ya isa, haka ma wajen fitarwa kada ka matse har ƙarshe. Fitarwa ta fi shaƙa tsawo: ƙirga huɗu ciki, shida waje, wajen numfashi shida ke nan a minti. Doguwar fitarwa tana sassauta bugun zuciya, kuma da ita jiki ke sauka. In ka ji yunwar iska, ka watsar da ƙirgen, ka bar numfashi ya koma yadda ya ga dama. Ban da riƙe numfashi. Ban da numfashin juyi, wanda ake shafe ciki lokacin shaƙa. Lokacinsa bai yi ba. Juwangzi, wani masanin ƙasar Sin na zamanin dā, ya ce cikakken mutum da dunduniya yake numfashi, gama-garin mutane kuwa da maƙogwaro. Kada ka ɗauke shi a zance kawai: duk fitarwa, ka ji nauyinka ya ƙara zama a tafin ƙafa, kamar laka tana kwantawa a gindin randa.

Hankali kuwa, ka'idarsa inda ya je nan kuzari ke binsa. Tambayi kanka ina naka yake a minti 30 ɗin nan. Na tabbata yana tsakanin gira, yana gadin ko wani abu zai faru. To ga shi ya faru. Ma'ajiyar da ake so a tara a cikinta ita ce dantiyan, a cikin mara, kimanin yatsu uku ƙasa da cibiya, can ciki ba a fata ba. Amma ga mai nauyin kai irinka, mako biyun farko ma ka wuce ta, ka ajiye hankali a tafin ƙafa, ka ji tabarma, ka ji ɗumi ko sanyinta. Sannan ka dawo mara. Ajiyewar kuma irin ta kaza a kan ƙwai ce, tana kai amma ba ta danne shi. Masu wannan sana'a sun ari maganar Mangzi, wani masanin ƙasar Sin na zamanin dā, "kada ka manta, kada ka taimaka", daga labarin manomin da ya ga shukarsa ba ta sauri, ya bi ta yana jan ta sama, ɗansa ya je ya tarar duk ta bushe.

Shawarar abokinka jan shuka ce. Abin da yake nufi shi ne ƙaramin zagaye: hawa ta layin baya da suke kira du, sauka ta layin gaba da suke kira ran. A layin bayan nan akwai mashigi uku masu wuya, ƙashin gindi, tsakiyar baya, da ƙeya, kuma wanda ya tura da ƙarfi galibi a ƙeya yake maƙalewa. Hawa ba wuya, kowane mai fargaba ma ya iya ta. Sauka ce aiki, kai kuma ba ka haƙa mata hanya ba. Mai ban-ruwa a fadama ba ya tura ruwa da hannu, magudana yake sharewa. Sinawa suna da suna ga abin da ke samun masu matsawa, zau hwo ru mo, wuta ta kuɓuce, kuma ba tatsuniya ba ce: bayan cigung ya game ƙasar a shekarun 1980, likitocin ƙwaƙwalwarsu sun sanya rikicewar da yake jawowa cikin kundin cututtukansu a 1989. Ka bar zagayen nan har sai an shekara, kuma a gaban malami.

Sai rufewa, wadda na san ba ka yi, domin ba ka ambace ta ba. Kada ka tashi daga tsayuwa ka ɗauki waya. Ɗaga hannu ta gefe kana shaƙa, ka sauke su ta gaban fuska da ƙirji zuwa mara, tafi na kallon ƙasa, kana fitarwa, sau uku ko shida. Ɗora tafi kan tafi a mara, numfashi tara. Murza hannu har su yi ɗumi, ka shafi fuska, ka taje kai da yatsu zuwa ƙeya, ka murza tsatso, ka bubbuga cinya da ƙwauri har idon sawu. Kullum daga sama zuwa ƙasa. Haɗiye yawun da ya taru a hankali. Sannan ka ari motsi na ƙarshe na baduwanjin, wani jerin motsi takwas na cigung: ɗaga dunduniya, ka sake ta ta bugi ƙasa a sannu, sau bakwai, haƙora a haɗe. Ka yi tattaki na minti biyar. Ban da wanka da ruwan sanyi nan take.

Lokaci: koma minti 10, ka ƙara biyu duk mako in barci ya daidaita. Mayar da shi safe. Kada ka yi da cikakken ciki, bar awa ɗaya bayan abinci, kada kuma ka yi cikin fushi. Alamun da za ka yi murna da su ba su da armashi: tafin hannu da na ƙafa su yi ɗumi, yawu ya taru, ciki ya yi ƙugi, hamma ta zo. Karkarwar cinya gajiyar tsoka ce, ba iskokai ba, ɗan miƙe kaɗan za ta lafa. Suka a cikin gwiwa kuwa ba a jure mata, tsayuwar ce ta karkace.

Akwai abin da ba na malamin cigung ba ne. Je ka auna hawan jini a wannan makon, domin nauyin kai da zafin fuska ba a yi musu fassara kafin awo. Ciwon ƙirji, bugun zuciya mai tsalle, gani dishi-dishi, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, jin muryoyi, ko kwana uku ba runtsawa, a ajiye atisaye a nufi asibiti.

Kwana uku masu zuwa ma kada ka tsaya sam. Yi tafiya ta minti 20 da safe, kana jin dunduniya ta sauka, tafi ya bi, yatsu su tura. Rana ta huɗu ka fara minti goman, hannu a cibiya. In mako biyu ya cika ka zo in ga tsayuwarka, ka kuma lura kafin nan ko ƙafar ta fara ɗumi, da wace ce ta riga.