Filin Tambayoyin Kwamfuta: Obakulok a kan bod mai araha, a zafin Kano

Tambaya daga wani mai karatu a Dorayi:

Salam malam, dan Allah ina da tambaya. Na haɗa kwamfutar gem da kaina, na sayi furosesa Ryzen 5 3600 na hannu a Beirut Road da madabod B450 irin ƙaramin nan mai araha, katin hoto RX 580, ram 8GB sanda ɗaya. To na ga turawa a YouTube suna obakulok, wato ƙure gudun furosesa ya wuce yadda ya zo daga kamfani, wai gudu yana ƙaruwa kyauta ba ka biya ko sisi ba, abokina kuma yace ina taɓawa furosesan zai ƙone, ni kuma gaskiya GTA V yana ɗan yi min tsaye-tsaye in an shiga cikin gari. In yi ko in bari?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Da kai da abokin naka kowa ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Bod ɗinka zai bari ka yi, wannan babu shakka, domin a ɓangaren AMD su B350 da B450 da B550 duk ƙofar a buɗe take, A320 da A520 ne aka kulle ƙure gudun furosesa a kansu. Kuma ƙonewa farat ɗaya ba kasafai take faruwa ba yanzu, 3600 ɗin nan in ya kai digiri 95 shi da kansa zai ja baya ya rage gudu. To amma bari da iyawa ai ba ɗaya bane.

Abin da masu bidiyon nan basa tsayawa su nuna maka shine wasu ƴan ƙananan abubuwa baƙaƙe da suke jere a gefen gurbin furosesa, sama da hagu, ana ce musu VRM. Aikinsu su karɓi bolt 12 daga fawa, wato na'urar da ke raba wuta a cikin akwatin, su sauke shi zuwa wajen 1.2 ko 1.3 da furosesa yake ci, kuma duk wutar da furosesa zai sha ta kansu take bi. To nan ne kamfani yake rage kuɗi in zai yi bod mai araha, zai sa su kaɗan, wani lokacin ma ko ƙarfen shan zafi bazai ɗora musu ba, tsirara zaka gansu. Buɗe murfin akwatin naka ka leƙa da tocilan waya, in ka ga ƙarfe mai tsaga-tsaga ya rufe su to da sauƙi, in kuma kana ganin su ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwayar wake to ka san inda ka tsaya.

Ni na taɓa cin wannan wuyar. Ina da furosesa Ryzen 5 2600 a kan wani bod irin naka, na ɗaga shi zuwa 4.0 a lokacin sanyi, komai lafiya lau har ina yi wa mutane kuri, sai da watan Afrilu ya kama na ga gem yana tafiya daidai na minti goma sha biyar sai ya fara ja kamar an riƙe masa riga, in duba zafin furosesa in ga bai kai ko'ina ba, na yi kwana uku ina zargin kati. Ranar da na kashe na kai yatsa kusa da gurin nan wallahi sai da na janye da sauri, kamar murfin tukunya. Ashe su ne suke gasuwa, bod ɗin yake ta rage gudu don ya ceci kansa.

Kuma ka tuna mutumin da ka kalla a YouTube ɗakinsa bai wuce digiri 21 ko 22 ba, kai kuma a Dorayi tsakanin Maris da Mayu rana tana haura 40, in ɗakin kwano ne babu silin mai kyau to sai dai Allah ya kyauta. Fanka bata ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa, duk digirin da ɗakinka ya fi nasa sai ya hau kan furosesanka. Ga ƙurar hunturu da ta toshe ƴar fankar Wraith Stealth da take zuwa da shi, wadda dama ba don irin wannan aikin aka yi ta ba. Zafin ma ba daidai da boltej yake hawa ba, ya fi shi saurin hawa, in ka tashi daga 1.2 zuwa 1.35 zafi ya ƙaru da wajen kashi 27 cikin ɗari tun kafin a zo lissafin ƙarin gudun.

To me zaka samu bayan duk wannan? 3600 yana farawa daga 3.6GHz kuma da kansa yake hawa har 4.2 in ya samu sanyi. Kai in ka wahala ka kafe shi da hannu yawanci wajen 4.1 ko 4.2 ɗin dai zaka tsaya, kaga an yi gudun gara an faɗa gidan zago, a gem da ƙyar idonka zai ga bambanci.

Ni inda na ga matsalarka ma ba furosesa bane, ram ɗin nan ne sanda ɗaya. Ryzen yana son ram biyu suna aiki tare, kuma 8GB ya yi kaɗan wa gem na yanzu ga Windows ga Chrome a buɗe a baya. Ka samo ta biyu irin taka sak, in bod ɗin mai rami huɗu ne ka sa a na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga gefen furosesa, sannan ka shiga BIOS, wato shafin saitin bod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka kunna XMP mai sa ram ta yi cikakken gudunta, a bod ɗin Asus zaka ga an rubuta DOCP, a MSI kuma A-XMP. Mutane da yawa sun biya kuɗin ram 3200 amma tana ta tafiya a 2133 ko 2400 shekara da shekaru basu sani ba, saboda babu wanda ya kunna musu. Wannan kaɗai zai rage maka tsaye-tsayen nan fiye da duk obakulok ɗin da zaka yi. Sai ka kai wa masu bulowa su hure ƙurar, a riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa kar ta yi ta juyawa a banza, a canza man da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka tunda na hannu ne baka san yaushe aka sa ba.

In duk ka yi wannan zuciyarka har yanzu tana son gwadawa, ba laifi, nima haka nake. Fara da PBO a BIOS, shi yana barin furosesan ne ya ƙara da kansa gwargwadon sanyin da ya samu. Sauke HWiNFO, manhajar nuna zafi, ka bar shi a buɗe, ka kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi don gwaji, na minti talatin da tsakar rana ba da asuba ba, ka sa ido a zafin furosesa da na VRM in bod ɗin yana nunawa. In da hannu zaka yi, kaɗan-kaɗan, kuma ni dai a kan 3600 bana yarda in wuce 1.3. Ƴar ƙaramar fanka da zaka ɗaure tana hura gurin VRM tana yin aiki fiye da kuɗinta.

Tambaya daga wata ɗaliba a Rijiyar Zaki:

Malam ni furosesan Intel i5-12400F ne a kan bod H610, yayana ya haɗa min don aikin zane da ɗan gem, na duba BIOS ban ga wajen ƙara gudu ba, ko nice ban iya ba?

Amsa:

A'a ƴar uwa ba laifinki bane, babu shi ne. Intel sai an haɗa abu biyu, furosesa mai harafin K a ƙarshe kamar 12600K, da bod mai farawa da Z kamar Z690 ko Z790. Naki babu ko ɗaya, kuma baki yi asarar komai ba, 12400F yana hawa 4.4GHz da kansa kuma baya zafi sosai, ga yanayin garin nan ma ya fi miki. In kuɗi ya shigo ki ƙara ram ko ki canza kati.

Tambaya daga wani mai shagon gem a Hotoro:

Oga yarona ya shiga BIOS ya taɓa lambobi wai zai ƙara gudu, yanzu fanka tana juyawa amma allo baƙi ƙirin, ga kwastoma suna jira. Ta mutu kenan? Kuma da janareta muke aiki yawanci.

Amsa:

Alhaji kwantar da hankalinka, da wuya ace ta mutu, kar ka kori yaron tukunna. Cire wayar wuta daga bango gaba ɗaya, danna maɓallin kunnawa sau biyu uku wutar da ta rage ta fita, sai ka duba kan bod zaka ga batir mai kama da kwabo, CR2032, ka ɗan tura ƙarfen gefensa zai fito. Bar shi a waje minti biyar ka mayar, BIOS zai koma yadda ya zo daga kamfani, sai dai ka gyara agogo da kwanan wata. In bata tashi ba cire ram ka bar sanda ɗaya ka sake gwadawa.

Maganar janareta kuwa ita ta fi damuna da allon. Inji da yake aiki tun safe har dare a shago cike da samari, wuta tana hawa tana sauka duk lokacin da firij ɗin lemo ya tashi, wannan ba inda ake ƙure furosesa bane sam. Duba fawar da ke cikin akwatin, in irin mara nauyin nan ce da ake bayarwa kyauta da akwati, an rubuta 500W amma ka ɗaga kamar gwangwanin madara babu komai, ita zaka fara canzawa, don in ta tashi tafiya bata tafiya ita kaɗai, da bod take tafiya wani lokacin har da kati. Sa sitabilaiza ko UPS a tsakani, sannan ka sa wa BIOS ɗin fasuwod ka riƙe a gurinka.